Shekarar koyon Sinanci ba ɓata lokaci ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ranka ya daɗe, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi ɗalibanmu da ke zuwa karatu ƙasar Sin, da iyayen da ke ɗaukar nauyinsu, da kuma hukumomin da ke tura su. Ni ɗalibi ne da ke koyon harshen Sinanci a wata jami'a a birnin Xi'an, wanda ake furtawa Shi'an, babban birnin lardin Shaanxi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da ƙanne da abokai ke yawan aiko mini daga gida duk lokacin da aka buɗe neman tallafin karatu, wato wace jami'a ce ke koyarwa da Turanci zalla, domin mutum ya tsallake shekarar koyon harshe ya shiga kwas ɗinsa kai tsaye. A fahimtata, wannan shekarar da ake ƙoƙarin kauce wa ita ce mafi daraja cikin duk abin da ɗalibi zai samu a nan, kuma wanda ya koma gida da digiri amma bai iya magana da Basine ba ya baro mafi yawan abin da ya zo nema.

Alƙaluman ma'aikatar ilimi ta ƙasar Sin sun nuna cewa a shekarar 2018 akwai ɗalibai baƙi 492,185 a ƙasar, kuma fiye da 81,000 daga cikinsu 'yan Afirka ne. Wani kaso mai yawa na 'yan uwanmu da ke cikin wannan adadi suna karanta likitanci, injiniyanci ko harkar kasuwanci ne da Turanci, kuma ba na cewa hakan laifi ne. Sai dai ya kamata su san cewa ko a hakan ba su tsira daga harshen ba, domin tun 2017 dokar da ta tsara karatun baƙi ta wajabta musu darasin Sinanci da darasin sanin ƙasar, sannan ƙa'idojin da suka biyo baya a 2018 sun buƙaci mai digirin farko da ya yi karatunsa da Turanci ya kai mataki na huɗu na ƙwarewa a harshen kafin ya kammala. Jarrabawar da ake auna hakan da ita sunanta HSK. A tsarinta mai matakai shida, matakin farko yana buƙatar kalmomi 150, na uku 600, na huɗu 1,200, na biyar 2,500, na shida kuma 5,000. Ɗalibin likitanci da ya raina wannan darasi yakan gane muhimmancinsa ne ranar da aka kai shi asibiti sanin makamar aiki, ya tsaya gaban tsohuwa mai ciwon ciki wadda ba ta san ko kalma ɗaya ta Turanci ba.

Ba zan ɓoye wa kowa wahalar da ke cikin koyon ba, kuma mafi girmanta tana ga rubutu. Sinanci ba shi da abacada irin tamu. Kowane harafi yana wakiltar gaɓa ɗaya ce tare da ma'anarta, kuma kafin mutum ya karanta jarida ba tare da tuntuɓe ba yana buƙatar sanin wajen haruffa 3,000 zuwa 3,500. Ana sayar da wani littafin rubutu na musamman wanda aka raba kowane shafinsa gida-gida, kowane gida kuma an tsaga shi huɗu da layuka masu ɗigo-ɗigo, domin ɗalibi ya san inda kowane ja zai fara da inda zai tsaya. Ja yana da tsarinsa: na sama kafin na ƙasa, na hagu kafin na dama, na kwance kafin na tsaye, kuma malama tana iya gane wanda ya saɓa wa tsarin ko da ba ta ga lokacin da yake rubutawa ba. Kusan kullum darasin safe yana farawa ne da shifta, malama ta faɗi kalmomin jiya, mu kuma mu rubuta da ka. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga wannan baƙon abu ba, domin hanya ɗaya ce: ka rubuta, ka maimaita da baki, ka wanke, ka sake rubutawa, har hannu ya riƙe abin da ƙwaƙwalwa ke neman saki. Bayan 'yan watanni ido yakan fara gane cewa haruffan ba zane ne na ganin dama ba. Akwai wasu ɗigo uku da ake sa wa a gefen hagu na haruffan da suka shafi ruwa, irin su kogi da teku da wanki, akwai alamar baki a kan abin da ya shafi ci da sha da kira, sannan ɗaya ɓangaren harafin yakan ba da hasken yadda za a furta shi. Daga ranar da ɗalibi ya fahimci wannan, haddar takan yi sauƙi ƙwarai.

Akwai kuma tsarin rubuta sautin Sinanci da haruffan boko da ake kira pinyin, wanda gwamnati ta amince da shi a 1958. Da shi ake fara koyar da baƙi, da shi kuma kowa ke rubuta saƙo a waya. Amfaninsa a fili yake, amma na ga ɗalibai da dama sun dogara da shi har sun kasa wucewa, suna iya tura saƙo mai tsawo a waya amma idan aka miƙa musu fom a banki sai hannu ya tsaya.

A ɓangaren furuci, Bahaushe yana da wata dama da bai san yana da ita ba. Sinanci na daidaitacciyar magana, wanda ake kira Putonghua, yana da karin sauti huɗu, kuma gaɓa ɗaya tana sauya ma'ana gaba ɗaya idan murya ta miƙe a sama, ko ta hau, ko ta nutse ta taso, ko ta faɗo. Kalmar saye da kalmar sayarwa, alal misali, gaɓa ɗaya ce, karin sauti ne kawai ya raba su, kuma ɗan kasuwa ya san girman wannan bambanci. Abokan karatunmu daga Turai da tsakiyar Asiya sukan daɗe kafin kunnensu ya yarda cewa hawa da saukar murya na iya sauya kalma. Mu kuwa da haka muka tashi, domin Hausa ma harshe ne mai karin sauti, ko da yake ba ma nuna shi a rubutu. Ba ina nufin aikin ya ƙare ba ne, domin karin Sinanci yana lanƙwasa a cikin gaɓa ɗaya fiye da namu, amma kunnen a buɗe yake tun daga farko. Nahawun ma yana da sassauci ta wasu fuskoki: suna ba ya da jinsin namiji ko mace, aikatau ba ya sauya siffa, kuma babu tarin hanyoyin jam'i irin waɗanda ke wahalar da mai koyon Hausa. Inda ake shan wuya shi ne kalmomin ƙidaya, domin akwai wadda ake sa wa littafi, akwai ta abu mai faɗi kamar takarda, akwai ta abu mai tsawo kamar kifi ko hanya. Haka kuma Sinawa suna ƙirga manyan lambobi ne da dubu goma-goma, ta yadda dubu ɗari a bakinsu goma ce ta dubu goma, miliyan kuma ɗari ce ta dubu goma. Duk wanda zai yi cinikin kwantena ya kamata wannan lissafi ya zauna masa daram kafin ya buɗe baki.

Babbar matsalar da na lura da ita ba a aji take ba, a wajen aji take. Yawancin jami'o'i suna ajiye baƙin ɗalibai a ginin kwana na daban, nesa da ɗalibai Sinawa, kuma ɗakunanmu sun fi nasu sarari, amma hakan yana da illa. Mutum yana iya shafe shekara yana kwana da ɗan ƙasarsu, yana cin abinci da 'yan Afirka, yana kallon ƙwallo da Turanci, ba ya furta Sinanci sai a sa'o'in darasi. Irin wannan ɗalibi yana iya cin jarrabawa, amma idan direban tasi ya yi masa tambaya sai ya yi zuru. Ga shi kuma Sinancin aji daban, na titi daban. A nan Shi'an dattawa da masu sayar da kaya sukan yi magana da karin lardin Shaanxi, wanda sautinsa ya sha bamban da na littafi, a Guangzhou kuwa harshen gida Kantonanci ne, wanda mai Putonghua ba ya fahimta sai ya koya. Maganin wannan shi ne fita da gangan: neman abokin musayar harshe cikin ɗalibai Sinawa, shiga ƙungiyar wasanni, da zuwa kasuwar kayan miya maimakon yin oda ta waya.

Ni inda na fi ƙaruwa shi ne unguwar Musulmi da ke bayan hasumiyar ganga a tsakiyar tsohon birni, inda 'yan ƙabilar Hui suke zaune tun ƙarnoni da dama. Akwai wani abinci da aka san Shi'an da shi, sunansa paomo. Idan ka zauna, sai a kawo maka kwano babu komai a ciki tare da gurasa mai tauri, kai ne za ka gutsuttsura ta da yatsunka ƙanana-ƙanana, sannan a ɗauki kwanon a kai madafa a zuba romon naman rago ko na sa, a dawo maka da shi tare da tafarnuwa mai zaƙi da yaji. Gutsurar tana ɗaukar lokaci, kuma a wannan zaman ne dattijon da ke kusa da kai zai tambaye ka daga ina kake, ko ana sanyi a ƙasarku, ko kuna cin naman rago, ko kai Musulmi ne. Idan ka amsa da harshensa, fuskarsa takan sake, ya gyara maka furuci, wani lokaci ma ya nuna maka cewa gutsurenka ya yi girma, romo ba zai ratsa shi ba. Darasin da ake samu a irin wannan zama babu shi a kowane littafi.

Tunda na taɓo wannan, bari in amsa tambayar da iyaye suka fi damuwa da ita, wato abinci da addini. Abincin halal yana samuwa a kusan kowane babban birni. Alamarsa haruffa biyu ne da ake karantawa qingzhen, kuma ina ba kowane sabon ɗalibi shawarar ya haddace su tun kafin ya hau jirgi. Jami'o'i da yawa suna da ɗakin cin abinci na Musulmi, ga kuma shagunan taliyar Lanzhou da ake ja da hannu, waɗanda galibi Musulmi ne ke riƙe da su. Masallatai ma akwai su, kamar babban masallacin Shi'an mai ginin katako irin na gargajiyar Sin, da na Niujie a Bejin, da na Huaisheng a Guangzhou. Amma dole a faɗi gaskiya cewa harkar addini a nan tana ƙarƙashin dokoki masu tsauri. Dokar 2017 da na ambata ta hana wa'azi da taron ibada a cikin makaranta, kuma jami'a ba ta ware wurin salla. Mutum zai yi sallarsa a ɗakinsa, ya je masallacin da hukuma ta amince da shi. Juma'a ranar aiki ce, sau da yawa darasi yana cin karo da lokacin salla, azumi kuma ba ya sauya jadawalin kowa. Ɗalibin da ya iya harshen yana iya zuwa wajen malaminsa ya yi bayani cikin ladabi ya nemi uzuri, wanda bai iya ba kuwa sai dai ya yi shiru ko ya yi fashin aji, kuma yawan fashin aji yana iya jawo a soke masa tallafi da takardar zama.

Sauran dokokin zama ma haka suke, duk da Sinanci ake gudanar da su. Baƙo yana da sa'o'i 24 ya yi rajistar inda ya sauka, mai bizar dogon karatu kuma dole ya mayar da ita takardar izinin zama cikin kwana 30, bayan gwajin lafiya. Yin aikin kuɗi ba tare da amincewar makaranta da hukumar shige da fice ba laifi ne da ke iya kai wa ga kora daga ƙasar. Mai cikakken tallafin gwamnatin Sin yana karɓar yuan 2,500 a wata idan digirin farko yake yi, 3,000 a digiri na biyu, 3,500 a na uku, kuma wannan yana isar mai tattali amma ba ya isa a aika gida, don haka iyaye su rage sa rai. Kuɗin takarda sun kusa ɓacewa daga hannun mutane, komai da manhajar waya ta WeChat ko Alipay ake biya, hatta dankalin da ake gasawa a bakin titi. WhatsApp da Facebook da Google ba sa buɗewa a intanet ɗin ƙasar, ga tazarar sa'o'i bakwai tsakaninmu da gida, ta yadda lokacin da mahaifiya ta idar da sallar isha ta nemi ɗanta, shi yana tsakiyar barci. Lokaci mafi nauyi ga baƙo shi ne hutun sabuwar shekarar gargajiya, a watan Janairu ko Fabrairu, sa'ad da ɗalibai Sinawa ke komawa garuruwansu, shaguna su rufe, harabar makaranta ta yi tsit cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Wanda ya yi abokai Sinawa yakan samu gayyata zuwa gidan wani, wanda bai yi ba yakan shafe makonnin a ɗaki shi kaɗai.

Batun launin fata ma ba zan tsallake shi ba. A wuraren da ba a saba ganin baƙar fata ba, mutane sukan zuba maka ido, wasu su ɗauke ka hoto ba tare da izini ba, yara su nuna ka da yatsa. Yawanci mamaki ne, amma akwai lokutan da wariya ce tsagwaronta, kuma duniya ta ga abin da ya faru a Guangzhou a watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal har gwamnatocin Afirka suka nuna rashin amincewarsu. Sanin harshe ba ya kawar da wariya, amma yana ba mutum damar bambance mai tambaya da mai zagi, ya mayar da martani da mutunci, ya kuma shigar da ƙara inda ya dace.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Sinawa sun daɗe da gane amfanin harshenmu. Gidan rediyon ƙasar Sin ya fara watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, shekaru takwas kafin Najeriya da Sin su ƙulla hulɗar jakadanci a 1971, kuma Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Bejin tana yaye ɗalibai masu digiri a Hausa. Mu kuwa hulɗarmu da su kullum ƙaruwa take: kamfanin CCECC ne ya gina layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, kamfanin man Sin na CNPC ne abokin tarayyar Nijar a matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram tun 2011, shi ne kuma ya shimfiɗa bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da sauran kasuwanninmu suna zirga-zirga zuwa Guangzhou da Yiwu, suna halartar baje kolin Kanton da ake yi sau biyu a shekara. A mafi yawan waɗannan mu'amaloli, maganar takan bi ta Turanci ko Faransanci ne, ta bakin tafintan da ɗaya ɓangaren ya kawo. Alhaji yakan sa hannu a takardar da bai karanta asalinta ba, lebura a wurin aiki yakan kasa isar da kokensa ga shugabansa, kuma ƙaramin saɓanin da kalma biyu za su warware yakan zama rikici. Hatta mu ɗalibai, littattafan da muke koyo da su Turanci suke fassara wa, ta yadda ɗan uwanmu daga Maraɗi ko Tawa da ya yi boko da Faransanci yana ɗaukar kaya biyu a lokaci guda.

Cibiyoyin Confucius masu koyar da Sinanci da aka fara buɗewa a Najeriya suna Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka da Jami'ar Legas ne, kuma ɗalibansu sukan iso nan da harshen a bakinsu, wasu ma da takardar HSK a hannu, yayin da namu ke fara koyon gaisuwa a filin jirgi. Saboda haka ina kira ga jami'o'inmu da suka yi suna wajen nazarin harsuna, irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Abdou Moumouni ta Yamai, su ba Sinanci muhimmanci na gaske, su kuma haɗa kai da masana Hausa na ƙasar Sin a samar da littafin koyo da ƙamus na Hausa da Sinanci kai tsaye, wanda ɗan kasuwa da ɗalibi za su iya amfani da shi. Gwamnatocin jihohi da ke tura ɗalibai su sanya shekarar harshe cikin kasafinsu maimakon ɗaukar ta a matsayin asara, su kuma riƙe sunayen waɗanda suka dawo da takardar mataki na biyar ko na shida, domin a neme su duk lokacin da za a zauna da wani kamfanin Sin. Iyaye kuma su yi hattara da dillalan da ke karɓar maƙudan kuɗi da alkawarin cikakken tallafi, domin na haɗu da ɗaliban da sai bayan sun iso suka tarar rangwamen kuɗin makaranta kawai aka yi musu, ɗaki da abinci a kansu suke. Ana neman tallafin gwamnatin Sin ne ta shafin intanet na CSC, hukumar tallafin karatu ta ƙasar Sin, kuma takardar shiga makaranta tana bayyana harshen da za a yi karatun da shi, don haka a nemi wanda ya iya ya karanta ta kafin a biya ko sisi.

Ga ƙannena da ke shirin tahowa a watan Satumba mai zuwa, ina ba su shawarar su fara tun yanzu da pinyin da karin sauti huɗu da kalmomin matakin farko na HSK, waɗanda ake samu kyauta a waya, kuma idan aka ba su zaɓi tsakanin shiga kwas da Turanci nan take da yin shekarar harshe tukuna, su zaɓi shekarar harshe.

Ina godiya da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka mai karatu a kullum,
Ɗalibin harshen Sinanci,
Birnin Shi'an, ƙasar Sin.